Ben Luc, inda gonaki ke komawa masana'antu: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da na fara bin kayan kashu zuwa kudancin Biyetnam, duk dawowa sai an tare ni da tambayoyi iri ɗaya, a shago, a wurin ɗaurin aure, har a ƙofar masallaci. To, ga su nan na rubuta. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Ina ne Ben Luc ɗin nan?

Kudancin Biyetnam, kimanin kilomita 30 daga birnin Ho Chi Minh, a bakin kogin Vam Co Dong. Nan ne ƙofar shiga yankin Mekong, inda kogin Mekong ya yi rassa kafin ya faɗa teku.

Ba yaƙi ake yi a can ba?

Haba malam. Yaƙin ya ƙare tun 1975.

Ka ce a lardin Long An yake, amma ban ga sunan a sabuwar taswira ba.

Ba za ka gani ba. Ranar 1 ga Yuli, 2025 aka haɗe Long An da Tay Ninh, lardunan ƙasar suka koma 34 daga 63, aka kuma soke gundumomi gaba ɗaya. Direban mota dai in ka ce masa Ben Luc zai kai ka.

Me ya jawo masana'antu cikin fadama?

Ho Chi Minh ta cika, fili ya yi tsada, su kuwa ga su a bakin ƙofarta. Tun da gwamnati ta saki mara ga 'yan kasuwa a 1986, da tsarin da suke kira Doi Moi, jarin waje yake shigowa. A 2010 aka buɗe babban titin Ho Chi Minh zuwa Trung Luong, wanda ya ratsa Ben Luc, shi ke nan. Yanzu akwai unguwannin masana'antu irin su Thuan Dao da Nhut Chanh da Phu An Thanh. Ka ɗauka Sharaɗa ce ta Kano aka ɗauko aka dasa a tsakiyar gonar rake, sai dai tasu injinan na juyawa dare da rana. Kamfanin Ching Luh na Taiwan yana ɗinka wa Nike takalma a Thuan Dao, Coca-Cola kuma ta buɗe masana'anta ta dala miliyan 136 a Phu An Thanh a 2025.

Ka tsaya a bakin ƙofar ɗaya daga cikinsu da yamma, lokacin tashi daga aiki. Babura ne dubbai ke fitowa lokaci guda, yawancinsu mata, kowace da hular kwano da takunkumi, ta sa safar hannu saboda rana. A gefen titi an baza kasuwar wucin gadi, kifi da ganye a ƙulle cikin leda daidai girkin mutum biyu. Kafin duhu ya yi an kwashe, kamar ba a yi ba.

Zan iya zuwa in sayi fili?

A'a. Ko ɗan ƙasa bai mallaki ƙasa ba, izinin amfani da ita yake riƙe da shi, balle kai baƙo.

To in kai ne mai gona a can, masana'anta ta iso, za ka karɓi diyya ka tashi ko za ka riƙe?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta sa na zauna. Kuma kada ka jira in ce maka e ko a'a, don ya danganta.

Da fari, zaɓin ba kullum yake hannun manomi ba. A dokarsu ƙasa ta al'umma ce baki ɗaya, gwamnati ke kula da ita. Manomi yana da takardar da suke kira jan littafi, izinin noma na shekara 50. Wanda ya san Dokar Filaye ta 1978 a Najeriya, wadda ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ba zai ga baƙon abu a nan ba. In hukuma ta sa gonarka cikin tsarin unguwar masana'antu, za ta karɓe ta ta biya ka bisa farashin da ta ƙayyade, ta ƙara maka kuɗin sauya sana'a, wanda zai iya kaiwa ninki biyar na farashin gonar. Kuɗi ne masu kauri ga mutumin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, gonar da aka biya ka a farashin gona, da an cike ta da yashi an ja mata wuta da titi, sai ta koma wani farashi da ba ka da rabo a ciki. Shi ya sa mafi yawan koke-koken da jama'a ke kai wa gwamnatin ƙasar a kan filaye ne. An yi sabuwar dokar filaye da ta fara aiki a watan Agustan 2024, wadda ke neman matso da diyya kusa da farashin kasuwa. Rubutu dai ya yi kyau, sai a ga yadda za a riƙa biya.

Na biyu, shekarunka nawa? In kana da 25, tashi ka shiga masana'anta. Mafi ƙarancin albashi a matakin sama, na Ho Chi Minh da kewayenta, ya kai dong 4,960,000 a wata a 2024, wajen dala 200, kafin kuɗin ƙarin lokaci, kuma yana zuwa ko an yi fari ko ba a yi ba. In kuwa ka haura 45, masu ɗinkin takalma ba kai suke nema ba. Sai gadi, ko acaɓa, ko zaman cin diyya har ta ƙare. Tana kuwa ƙarewa: a gina gidan bene, a saya wa kowane yaro babur, a biya bashi, a yi biki biyu, sai a waiga a ga ba gona ba kuɗi.

Na uku, ina ragowar filinka ya faɗa? Waɗanda na ga sun fi kowa dacewa su ne masu ɗan fili a bayan katangar masana'anta. Sai su jera ɗakunan haya, ɗaki goma, ashirin, kowanne da ɗan soro na kwana a sama da wurin ajiye babur a ƙasa, su zuba ma'aikatan da suka taso daga can cikin yankin Mekong. Tsohon manomi ya koma mai gidan haya. Amma shi ma arzikinsa na rataye da odar da ke zuwa daga Amurka da Turai. Ranar da aka rage ma'aikata, ɗakuna su zama kango.

Akwai kuma abin da ba a lissafa shi da kuɗi. Mutanen yankin suna binne iyayensu a cikin gonarsu, za ka ga kaburburan siminti a tsakiyar shinkafa. In an karɓi gona sai an tone su an mayar wani wuri. Ana biyan kuɗin hakan, amma ka tambayi kanka.

In ni ne, kuma ina da zaɓi, zan saki wadda tsari ya ci, in ƙi taɓa rabin kuɗin, in nemi wata gonar a can gaba inda farashi bai tashi ba. Haka wasunsu ke yi. Ko wannan ma ba tabbas, don gonar can gaba tana da nata ciwon.

Wane ciwo?

Gishiri. Da rani ruwan teku yana haurowa cikin koguna. A farin 2016 da na 2020 ya yi ɓarna sosai. Yankin Mekong gaba ɗaya, in aka yi kintace, bai kai mita ɗaya a saman teku ba, kuma yana lotsawa saboda yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa. Madatsun ruwa na Sin da Laos sun tare laka, ana kuma kwasar yashin koguna a cike fadamun da ake gina masana'antun nan a kai. Manoman Ben Luc da yawa sun bar rake sun koma lemon tsami marar ƙwallo, mai kuɗi a kasuwar waje, shi kuwa ba ya shiri da ruwan gishiri.

Ke nan shinkafarsu za ta ƙare?

Kwantar da hankalinka. Yankin Mekong ya kai murabba'in kilomita 40,000, yana ba da rabin shinkafar ƙasar da wajen kashi 90 cikin ɗari na wadda ake fitarwa, har da wadda ake ci a Gana. Gefen da ke manne da birni ne ake cikewa. Abin da ke tsiyayewa matasa ne: sama da mutum miliyan ɗaya sun bar yankin tsakanin 2009 da 2019.

Kashunmu can ake kai shi?

Can ne, wani kaso. Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen fasa kashu da fitar da shi, ɗanyen kuma daga Kambodiya da Afirka take saye, har da Najeriya da Gana. Akwai masu fasawa a tsohon lardin Long An. Tunda kun kawo maganar: don Allah ku riƙa shanya shi ya bushe kafin ku ɗura a buhu. Kwantena tana yin makonni a teku. Na taɓa tsayawa a wata masana'anta aka buɗe tawa, warin ruɓa ya fito, matar da ke gwaji ta yanka ƙwallaye da almakashi ɗaya bayan ɗaya tana jera baƙaƙen a gabana, ba ta ce uffan ba, ta ɗauki kalkuleta ta zaftare farashin.