Mai shaye-shaye da mai taɓin hankali: me doka ta ce kan inda za a kai su?

Idan shaye-shaye ko taɓin hankali ya shigo gida, tambayar farko da dangi ke yi ita ce: ina za mu kai shi? Ba kowa ne ya san cewa akwai rubutattun ƙa'idojin duniya kan wannan tambaya ba.

Tushen maganar shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 1972, kuma kusan duk ƙasashen duniya sun amince da ita. Mutane sun fi saninta da hani da hukunci. Amma sashe na 38 ya ɗora wa gwamnatoci wani nauyin: su gano masu shaye-shaye da wuri, su yi musu magani, su kula da su bayan maganin, su kuma taimaka musu komawa cikin jama'a. Sashe na 36 ma ya yarje wa ƙasa ta tura mai shaye-shayen da ya yi laifi wurin magani a maimakon hukunci, ko a haɗa biyun. Wato a idon yarjejeniyar, mai shaye-shaye majinyaci ne.

Sai dai yarjejeniyar ba ta faɗi yadda magani na gari yake ba. Wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, suka cike da ƙa'idojin kula da masu shaye-shaye, waɗanda suka fitar da gyararren bugunsu a 2020. A lura, waɗannan ƙa'idoji ba doka ba ce da za ka riƙe ka shiga kotu da ita. Dokar ƙasar da mutum yake ita ke aiki a kotu. Amfaninsu shi ne ma'auni, wanda da shi iyali za su bambance wurin magani da wurin tsare mutane.

Babban abin da ƙa'idojin suka nanata shi ne yarda. Za a yi wa majinyaci bayanin irin maganin da za a ba shi, ya amince, kuma yana da damar cewa ya fasa. Sirrinsa ya tsaya tsakaninsa da masu jinyarsa. Ba a yarda a ɗauki sunansa daga takardun asibiti a kai wani rajistar hukuma ba. Duka, ɗauri da sarƙa, hana abinci, tozarci da aikin tilas, babu ko ɗaya da aka ƙirga a matsayin magani. A 2012 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya goma sha biyu suka haɗu suka nemi a rufe cibiyoyin da ake tsare masu shaye-shaye da ƙarfi. A 2020 kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. Na san iyali kan kai ɗansu irin wuraren nan ne don tura ta kai bango, ba don mugunta ba. Amma yaron da ya daina sha don an kulle shi, ranar da aka buɗe ƙofa ake ganin gaskiyar lamarin.

A nan ne ma haɗarin yake. Wanda ya saba da ƙwayoyi dangin hiroyin, idan aka yanke masa na wasu makonni, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. In ya koma ruwa ya sha kamar da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa ƙa'idojin suka ce wanke jiki daga ƙwaya kaɗai bai isa a kira shi magani ba, sai an bi shi da kulawa mai tsawo. Akwai magunguna biyu, methadone da buprenorphine, da WHO ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005 don wannan larura, sannan akwai naloxone mai farfaɗo da wanda ƙwayar ta yi wa yawa. Shi kuwa wanda ya daɗe yana shan giya sosai, ko ƙwayoyin barci irin su diazepam, yanke masa farat ɗaya na iya jawo jijjiga da ruɗewa har da rasa rai. Wannan aikin likita ne.

Ga masu taɓin hankali, akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, wadda ta fara aiki a 2008. Sashe na 25 ya ce a yi musu magani mai inganci irin na kowa, bisa yardarsu, kuma kusa da inda suke zaune. Batun kwantar da mutum ba da son ransa ba ana ta muhawara a kai. Dokokin ƙasashe da yawa sun yarda da shi idan mutum na iya cutar da kansa ko wani, amma da sharuɗɗa, kamar binciken likita da ƙayyade lokaci da damar ƙalubalantar matakin.

To, ta ina za a fara? Ba sai an nemi babban asibitin ƙwaƙwalwa ba. Tun 2008 WHO ke tafiyar da shirin mhGAP, wanda ke horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa, rikicewar tunani, shaye-shaye da alamun mai son halaka kansa, su fara magani, su tura abin da ya fi ƙarfinsu gaba. Don haka asibiti mafi kusa shi ne ƙofar farko. A faɗa wa likita gaskiyar abin da ake sha, da yawansa, da tun yaushe.

Idan an nuna muku wata cibiya, ku tambaya kafin ku biya ko sisi. Tana da rajista da hukumar lafiya? Akwai likita a ciki, ko sai an kira shi? Ana duba taɓin hankali tare da shaye-shayen, tunda sau da yawa tare suke tafiya? Za a bar dangi su ziyarta? Me aka tanada bayan sallama? Cibiyar da ta hana ku ganin ɗakin kwanan majinyata, ko ta yi alƙawarin warkewa cikin mako biyu, ku ja da baya.

Wanda kuwa ya suma, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko yake maganar kashe kansa, ba a jiran bincike kan cibiya. Sashen gaggawa za a nufa da shi nan take.