Sana'ar hannu ta yara a cikin iyali

Sana'ar hannu ta yara na nufin duk wani abu da yaro zai ƙera ko ya zana da hannunsa a gida tare da iyaye ko yayye ko kakanni, kamar ginin yumɓu, saƙa, ɗinki, naɗe takarda, jera duwatsun ado a zare, ko haɗa abin wasa da kwali da waya. Yawanci ba aji ake zaunawa a koya ba, yaro ne kawai yake zaune gefen babba yana kallo, sai a miƙa masa guntun ƙyalle ko ragowar yumɓu don ya bar damun mutane, to daga nan fa abin yake farawa, kuma da yawa daga cikin fasahohin gargajiya na duniya ta wannan hanyar suka rayu har yau.

Tarihi

Abin ya daɗe sosai. A birnin Novgorod na ƙasar Rasha an tono wasu ɓawon itace na ƙarni na 13 da wani yaro mai suna Onfim ya yi rubutu a kai, ana kyautata zaton shekarunsa shida ne ko bakwai, yana cikin koyon baƙaƙe sai ya gaji ya koma zana kansa a kan doki yana soke abokin gaba da mashi, har ya rubuta sunansa a gefe, yatsun mutanen da ya zana kuwa kamar manjagara suke, wani uku wani takwas. Duk wanda ya ga zanen zai rantse ɗan gidansu ne ya yi shi jiya.

Shigar abin cikin tsarin karatu kuwa sai a ƙarni na 19. Wani Bajamushe, Friedrich Froebel, ya buɗe wurin wasan yara a Bad Blankenburg a 1837, a 1840 ya raɗa masa suna kindagatin, wato lambun yara, inda ake naɗe takarda da saƙa ta da ginin yumɓu. Finlan ta sa aikin hannu cikin darussan makarantunta a 1866 ta hannun wani masanin ilimi, Uno Cygnaeus, kuma har gobe ana koyar da shi can. Kayan aikin da ake saye a yanzu ma daga baya suka zo, wani malamin zane a Ingila, William Harbutt, shi ya haɗa Plasticine, wani irin yumɓu da ba ya bushewa, a 1897 saboda yumɓu na bushewa ɗalibai ba su gama aiki ba, kamfanin Crayola ya fito da kwalin alƙaluman zane na kakin zuma kala takwas a 1903, shi kuwa Play-Doh, wani ƙulli mai kama da yumɓu, asalinsa ma abin goge dattin bango ne a Amurka kafin a mayar da shi kayan wasa a 1956.

Yadda hannun yaro ke girma

Wajen shekara biyu yaro karce-karce kawai yake yi, daɗin motsin hannun yake ji. Daga uku zuwa huɗu sai ya fara zana mutum, ƙaton kai da ƙafafu biyu manne da shi babu ciki babu wuya, kuma wannan hoton kusan iri ɗaya ne a ko'ina a duniya. Wajen bakwai zai ja layi a ƙasa ya jera komai a kai, rana kuma a can kusurwa. Inda matsalar take shi ne wajen shekara tara zuwa goma, lokacin da yake so abin ya fito sak yadda yake a ido, idan ya ƙi fitowa sai ya ce ai shi bai iya ba ya watsar, kuma a gaskiya manya na da laifi a nan, don babu abin da ke kashe wa yaro gwiwa kamar a karɓe aikin daga hannunsa a ce kawo in gyara maka. Karkatacciyar tukunyar da ya gina da kansa ta fi masa wadda aka gyara, yatsunsa ne ke ƙara ƙwari wajen murzawa da yanka da zura zare a allura, ƙwarin da zai riƙe fensir da shi.

Fasahar gargajiya

A yankin Mithila na Indiya da Nefal mata ne ke koya wa 'ya'yansu mata zanen Madhubani a bangon ɗaki, sai a shekarun 1960 aka fara yinsa a takarda ana sayarwa. A wasu ƙauyukan Oaxaca a Meziko gida guda ne ke haɗuwa kan sassaƙen dabbobi masu kala-kala, wani ya sassaƙa, yara su goge, wasu su yi fenti. A Malawi yara na lanƙwasa waya su yi mota da ake kira galimoto. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 ta sa sana'ar hannu cikin rukuni biyar na al'adun da ake gado, kuma abin da ta fi damuwa da shi shi ne iyawar ta wuce daga babba zuwa yaro, ba wai a tara kayan a gidan tarihi ba.

Iyaka da kiyayewa

Sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba yaro 'yancin wasa da shiga harkar fasaha, amma fa idan aikin ya koma neman kuɗi har yana hana shi makaranta to ya zama wani abu daban, yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1973 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun kama aiki, aiki mara nauyi kuma daga 13. Ta fuskar lafiya, ba a ba ɗan ƙasa da shekara uku duwatsun ado ko maɓalli saboda komai baki yake kaiwa, almakashi mai dakusasshen baki ake ba ƙanana, sannan a guji tsohon fenti don wani yana ɗauke da dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce ta shiga jikinsa.