Gajeren Hutun Hunturu a Birnin Paris

Paris, babban birnin Faransa, yana bakin kogin Seine a arewacin ƙasar. Mazauna ƙwaryar birnin sun ɗan haura miliyan 2, idan kuma aka haɗa da garuruwan da ke kewaye da shi, wato yankin Île-de-France, adadin ya kai kimanin miliyan 12. Yana sahun gaba cikin biranen da suka fi karɓar baƙi a duniya, sai dai galibinsu da bazara suke zuwa. Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu birnin yakan sauya kama: bishiyoyi sun kaɗe ganye, sama ta yi toka-toka, jama'a sun koma cikin gine-gine. Mai niyyar yin kwana uku zuwa biyar a wannan lokaci zai tarar da layuka gajeru da masauki mai ɗan sauƙin kuɗi, amma da sharaɗi guda: dole ya tsara yininsa bisa hasken rana, domin ranar hunturu a Paris gajera ce ƙwarai.

Yanayi da tsawon yini

Sanyin Paris ba irin na hunturun ƙasar Hausa ba ne, mai bushewa da ƙura, wanda rana ke korewa da hantsi. Sanyi ne mai laima da iskar Tekun Atlantika ke kawowa, yana tafe da yayyafi, yana ratsa tufafi a hankali har ya kai ƙashi. A Janairu, watan da ya fi sanyi, ma'auni yakan tsaya tsakanin digiri 3 da 8 a yawancin ranaku, wasu dararen kuma ya sauka ƙasa da sifili. Dusar ƙanƙara ba ta cika sauka ba, in ta sauka ma ba ta daɗewa a kan titi. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a birnin shi ne na 10 ga Disamba 1879, lokacin da ma'auni ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifili.

Abin da ya fi sanyin tasiri ga baƙo shi ne duhu. Wajen 21 ga Disamba rana ba ta fitowa sai kusan 8:40 na safe, ta kuma faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma. Hasken yini gaba ɗaya awa takwas ne da 'yan mintoci. Wanda ya yi barci har goma ya riga ya zubar da kaso mai tsoka na yininsa. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a ware tsakar rana, daga goma zuwa uku, don yawo a waje da ɗaukar hoto, a bar gidajen tarihi da shaguna zuwa la'asar da dare, tunda su hasken lantarki ya ishe su.

Gajartar yinin tana shafar ibada. A Disamba azahar tana shiga wajen ɗaya saura, la'asar kafin uku, magariba kuma wajen biyar, salloli uku ke nan cikin kimanin awa huɗu. Wanda ya shiga babban gidan tarihi da hantsi bai yi lissafi ba zai iya fitowa ya tarar biyu sun wuce shi. Azumin Ramadan, da yake yana matsowa baya da kwana goma zuwa goma sha ɗaya kowace shekara, ya kama ne a Fabrairun 2026, kuma shekarun da ke biye zai riƙa faɗowa cikin hunturun Turai, inda yinin azumi ke da sauƙi. Agogo kuwa ba ya ba da wahala: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Paris daidai yake da na Kano da Yamai.

Sutura a jera ta ake yi, riga bisa riga, saboda cikin jirgi da shago da gidan abinci akwai ɗumi, mutum yana buƙatar abin da zai tuɓe ya sake sawa. Babbar rigar sanyi mai hana ruwa shiga, safar hannu, hula mai rufe kunne, mayafin wuya da ƙaramar lema sun wadatar. Takalmi ne bai kamata a yi masa rowa ba, domin ƙafar da ta jiƙe da safe ba ta bushewa sai dare.

Biza da shiga ƙasa

'Yan Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna buƙatar bizar Schengen ta gajeren zama, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, wadda ke ba da izinin kwana 90 cikin kowane kwana 180. Tun Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba. Ana neman fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, bayanan asusun banki, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tashi, kuma duba su yakan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. Mai son zuwa a Disamba gara ya fara tun Satumba.

Akwai dokoki biyu da matafiya daga Afirka ta Yamma ke yawan tuntuɓe da su. Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar fasinja daga ƙasashen waje, don haka kilishi da dambun nama da man shanu ba sa wuce kwastan. Wanda kuma ke ɗauke da tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana su. Ga mata akwai ta uku: dokar 2010, wadda ta fara aiki a Afrilun 2011, ta haramta rufe fuska a bainar jama'a. Niƙabi ya shiga ciki, amma hijabi da ɗankwali ba su shiga ba, ana yawo da su ko'ina a titi.

Daga Abuja ko Legas jirgi yakan yi kimanin awa shida kafin ya sauka a filin Charles de Gaulle, mai nisan kusan kilomita 25 arewa maso gabas da birnin. Jirgin ƙasa na layin RER B yana kawo mutum tsakiyar gari. Ɗaya filin, Orly, yana kudu, kuma tun Yunin 2024 layi na 14 na metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya isa can. Tasi tsakanin filayen da cikin gari tana da ƙayyadadden farashi, a hau ta a layin da hukuma ta ware, a yi watsi da masu tare mutum a bakin ƙofa suna tallar mota.

Zirga-zirga da masauki

An kasa Paris gunduma 20, lambobinsu suna farawa daga tsakiya suna zagayowa waje kamar ɓawon dodon-koɗi. Ƙaramar lamba tana nufin kusa da tsakiya da kuma tsada. A hunturu ya fi kyau a biya ƙarin kuɗi a sauka kusa da tashar metro, ko da ɗakin ƙarami ne, da a samu babban ɗaki a bayan gari a riƙa ɓata awa biyu kullum a hanya cikin duhu. Ɗakunan otal a Paris dama ƙanana ne, kuma wasu tsofaffin gine-gine ba su da na'urar hawa bene. Soket ɗin bangon masu ƙafa biyu ne zagayayyu, mai cajar Najeriya mai ƙafa uku sai ya nemi mahaɗi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na metro ya fara aiki ranar 19 ga Yuli 1900, yanzu yana da layi 16 da tashoshi sama da 300. Yana tashi wajen 5:30 na asuba, ya rufe bayan ɗaya na dare. A 2025 an daidaita tikiti ɗaya a kan yuro 2.50, na filin jirgin sama kuma yana da nasa farashin daban. Katin mako na Navigo daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki, ba daga ranar da aka saya ba, don haka wanda ya sauka ranar Alhamis ba lallai ya ci ribarsa ba. Yajin aikin ma'aikatan sufuri abu ne da aka saba da shi, na Disambar 2019 kan batun fansho ya tsayar da yawancin layuka na makonni. A cikin jirgi da cunkoson wuraren baƙi akwai 'yan sane, waya da fasfo su zauna a aljihun ciki.

Wuraren ziyara

Gidan tarihi na Louvre, da aka buɗe a 1793, ya fi ƙarfin yini guda, kuma kuskure ne a ce za a gama shi. A zaɓi sashe biyu ko uku. Kowa yana rububin zanen Mona Lisa, amma sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, mai ɗauke da tasoshin tagulla da dardumai da tangaran daga Andalus har Indiya, ba shi da wannan turmutsitsin kuma ya cancanci awa biyu cur. Louvre a rufe yake ranar Talata. Orsay, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar gidan zane-zane a 1986, yana rufewa ranar Litinin. Haka ma Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006 don kayan al'adun Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi. A nan ne aka adana kayan masarautar Abomey guda 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a Nuwamban 2021, kuma ɗan Afirka da ya zaga sashen nahiyarsa zai fito da tambayoyi game da yadda sauran suka zo nan. Cibiyar Pompidou, gidan zane-zanen zamani, tana rufe don gyara tun 2025.

Hasumiyar Eiffel, ta 1889, tsayinta mita 330 ne. Iska mai ƙarfi ko ƙanƙara na iya sa a rufe ƙololuwarta, ranar hazo kuma ba abin da ake hangowa daga sama, don haka a duba sararin sama kafin a hau. Da duhu ya shiga takan yi ƙyalƙyali na minti biyar a farkon kowace awa, kuma daga dandalin Trocadéro ana kallo kyauta. Majami'ar Notre-Dame, da aka fara ginawa a 1163, ta yi gobara ranar 15 ga Afrilu 2019, aka sake buɗe ta ranar 7 ga Disamba 2024. Shiga cikinta ba a biya.

Babban Masallacin Paris yana gunduma ta 5, kusa da lambun Jardin des Plantes. An buɗe shi a 1926 don girmama sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hasumiyarsa mita 33 ce, gininsa irin na Arewacin Afirka ne, da tayil kore da shuɗi da farfajiya mai ruwa. A gefensa akwai wurin shan shayi: ana kawo shi da na'ana'a a ƙaramin kofin gilashi, da zafinsa, mutum ya riƙe da hannu biyu har yatsu su warware. Wanda ya tsara ziyararsa ta faɗo tsakanin azahar da la'asar ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ranar ruwan sama kuwa sai a nufi rufaffun lungunan kasuwanci na ƙarni na 19, masu rufin gilashi, irin su Passage des Panoramas da Galerie Vivienne ta 1823. Kusan ashirin ne suka rage. Fadar Versailles tana buɗe banda Litinin, amma a hunturu maɓuɓɓugan lambunta ba sa aiki, kuma zuwa da dawowa zai cinye yini, mai kwana uku gara ya bar ta. Yawon jirgin ruwa a Seine ma ya dogara da kogin: in ya cika, jirage ba sa iya bi ta ƙarƙashin gadoji. A Janairun 1910 ruwan ya kai mita 8.62, ya mamaye unguwanni, kuma har yau mutanen birnin suna duba gunkin sojan da ke gadar Alma su ga inda ruwa ya kama shi.

Abinci

A bakin tashoshi ana gasa 'ya'yan itacen da ake kira marron a kan garwashi, a zuba a takarda. A Janairu kowane gidan burodi yana sayar da galette des rois, wani kek mai ɓawo-ɓawo da ake ɓoye ɗan ƙaramin abu a cikinsa, wanda ya ci karo da shi a ɗora masa kambin takarda. Musulmi ya kula: abin sha mai tururi da ake tallarsa a kasuwannin Kirsimeti da sunan vin chaud giya ce, jambon da lardons naman alade ne, miyar albasa ta gargajiya ma sau da yawa ana ɗiga mata giya. Abincin halal ba ya wuyar samu. Unguwannin Barbès da Château Rouge a gunduma ta 18 cike suke da mahauta Musulmi da shagunan 'yan Afirka, har da kuɓewa da doya da atamfa. Duk inda aka shiga, a fara da gaisuwar "bonjour" kafin a faɗi buƙata, rashin yin haka rashin ladabi ne a wurin Faransawa.

Wane mako ya fi

Daga ƙarshen Nuwamba ake kunna fitilun titin Champs-Élysées, kasuwar Kirsimeti ta ci a lambun Tuileries, babban kantin Galeries Lafayette kuma ya kafa ƙatuwar bishiya ƙarƙashin ƙubbarsa ta gilashi. Makonni biyun farko na Disamba suna da wannan ado ba tare da tsadar ƙarshen wata ba. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara kuɗin jirgi da otal sukan yi tashin gwauron zabo, manyan gidajen tarihi kuma suna rufe ranar 25 ga Disamba, wasunsu har da 1 ga Janairu. A Fabrairu 'yan makaranta suna hutu, ƙarshen watan kuma ana baje kolin noma da kiwo a Porte de Versailles, abin da zai ƙayatar da duk mai sha'awar shanu da tumaki.

Mai neman sauƙi dai Janairu ce tasa. Gwamnati ce ke sa ranar rangwamen hunturu a shaguna, yakan fara ranar Laraba ta biyu ga watan ya yi mako huɗu. Baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba, in ya yi sayayyar sama da yuro 100 a kanti ɗaya, yana da damar karɓar wani kaso na harajin kaya. Sai ya nuna fasfo a kantin a ba shi takarda, ranar tafiya kuma ya tantance ta a na'urar kwastan da ke filin jirgi kafin ya miƙa jakunkunansa, domin jami'ai na iya cewa ya nuna kayan.