Matashin wuya da barcin cikin jirgi: jan hankali ga maniyyata da 'yan kasuwa

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda tafiya ce ta kusan awa biyar. Mai zuwa sayayya ƙasar Sin kuwa, idan ya sauya jirgi a Addis Ababa, sai ya ƙara awa goma ko fiye a kujera ɗaya. Shi ya sa matashin nan na wuya da ake hura wa iska ya samu shiga a wajen maniyyata da 'yan kasuwa: ba shi da nauyi, idan an sace iskar ana naɗe shi a cusa a aljihun jaka. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya ina goyon bayan a riƙa tafiya da shi, musamman iyayenmu dattawa da wuyansu kan ƙage bayan gyangyaɗi a zaune. Sai dai akwai yadda ake amfani da shi.

Kada ku cika shi tam tun jirgi yana ƙasa. Idan jirgi ya lula sama, matsin iskar da ke ciki yana raguwa, ya koma kamar na kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, duk iskar da ke kulle a cikin wani abu sai ta faɗaɗa. Ku lura da ledar biskit da ba a buɗe ba, za ku ga ta kumbura. Haka matashin zai yi: ya yi tauri, ya tura kai gaba, ya danne gefen wuya, wani lokaci ma ya fashe ta wurin haɗi. Ku bari sai jirgi ya daidaita a sama, ku hura shi rabi da ɗan wani abu, yadda idan kun danna da yatsa zai lotsa. Mutane da yawa sun fi jin daɗinsa idan suka juya shi, kaurin ya dawo ƙarƙashin haɓa, domin wanda barci ya ɗauka a zaune gaba kansa yake faɗuwa. Tunda da baki ake hura shi, kowa ya riƙe nasa, ba a aro, balle a lokacin da mura da tari suke yawo cikin ayari. Jariri kuwa ba a sa masa shi ko kaɗan, yana iya toshe masa numfashi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙafa. Matashi mai daɗi yana sa mutum ya yi awa huɗu ko biyar bai motsa ba, gwiwa a lanƙwashe, jaka cunkushe a gaban ƙafafu. Naman sharaɓa shi ke tura jini daga ƙafa ya koma zuciya duk lokacin da muka taka. Idan ya daɗe bai yi aiki ba jini yana tafiya a hankali, har ya iya daskarewa ya zama guda a cikin jijiya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa haɗarin wannan daskarewa yana ninkawa kusan biyu bayan tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune. Ga mai cikakkiyar lafiya haɗarin ba shi da yawa, kusan mutum 1 cikin 6,000. Amma ya fi haka ga mai juna biyu, da mai jego, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciwon daji, da mai ƙiba sosai, da wanda abin ya taɓa samu. Waɗannan su ga likita kafin tafiya, ya duba ko suna buƙatar safar nan mai matse ƙafa. Masu sikila ma kada su hau jirgi ba tare da shawarar likitansu ba.

Saboda haka ku yi barcin a gutsure. Duk awa ɗaya ko biyu ku farka, ku ɗaga dunduniya ku sauke, ku ɗaga yatsu, ku jujjuya idon sawu. Idan an kashe alamar ɗaura bel, ku tashi ku taka zuwa bayan jirgi ku dawo. Ƙwayar barci ku bar ta, sai in likita ne ya rubuta, domin ita ke sa mutum ya sandare wuri ɗaya.

Ina roƙon iyayenmu mata musamman: Hajiya, don Allah a sha ruwa. Na san da yawa suna ƙin sha tun daga sansanin alhazai don gudun shiga banɗakin jirgi, wasu don kunya, wasu don ba su san yadda ake buɗe ƙofar ba. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, jiki yana asarar ruwa ko ba a yi gumi ba. Ma'aikatan jirgi za su nuna muku komai idan kun tambaya, kuma zuwa banɗakin ma motsa ƙafa ne. Matasan da ke cikin ayari su riƙa raka tsofaffi.

Idan aka sanar cewa jirgi ya fara sauka, ku farka, ku ta da na kusa da ku, ku sace iskar matashin. Mai barci ba ya yawan haɗiyar yawu, ita kuwa haɗiyar ce ke buɗe kunne, shi ya sa wasu ke sauka da kunne a toshe yana ciwo.

Bayan an isa masauki ku ci gaba da lura har tsawon makonni. Kumburin ƙafafu biyu da ya saɓe bayan hutu yawanci ba abin tsoro ba ne. Amma idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura, sharaɓa tana ciwo tana zafi, kada a murza ta, kada a yi mata tausa da man zafi, a nufi asibiti. Idan numfashi ya fara sarƙewa farat ɗaya, ko ƙirji yana suka, ko aka ga jini a tari, wannan na gaggawa ne, domin gudan jinin yana iya tafiya huhu. Ku gaya wa likita cewa kun sauka daga doguwar tafiyar jirgi, da ranar da kuka sauka.