Kwasa-kwasan haziƙai a kwalejojin al'umma na Amurka

Kwasa-kwasan haziƙai, waɗanda Amurkawa ke kira Honors, darussa ne da kwalejojin al'umma ke ware wa ɗalibai masu ƙwazo, galibi waɗanda ke da niyyar wucewa jami'a bayan shekara biyu. Kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare, mai sauƙin kuɗi, wadda kusan duk wanda ya nema yake samun gurbi. Joliet Junior College ta jihar Illinois, da aka buɗe a 1901, ita ce ta farko a cikin na gwamnati.

Ajin haziƙai ƙarami ne, karatu da rubutu sun fi yawa, kuma muhawara ta fi lacca. Inda ɗaliban ba su kai a buɗe musu aji ba, akan ƙulla yarjejeniya: ɗalibi ya zauna a aji ɗaya da kowa, amma shi da malaminsa su sa hannu a takarda cewa zai yi ƙarin bincike, ya rubuta, wani lokaci ya gabatar a gaban 'yan ajin. In ya cika alkawari, sai a sa alamar Honors a gefen wannan kwas a takardar sakamakonsa.

Amfaninsu wajen shiga jami'a

A jihar Kalifoniya, mai kwalejojin al'umma 116, amfanin ya fi fitowa fili. Tun 1985 jami'ar UCLA, reshen Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ke da shirin Transfer Alliance Program, wanda ke ba wa wanda ya kammala tsarin haziƙai a kwalejin da ke cikin ƙawancen fifiko wajen duba takardunsa, idan sashen adabi da kimiyya (College of Letters and Science) ya nema. Yawanci kwas biyar ake buƙata, wato yunit 15 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas). Fifiko ne kawai, ba tabbacin gurbi ba. Tabbacin yana cikin wani shiri daban mai suna TAG, na rassa shida na Jami'ar Kalifoniya, wanda babu UCLA, Berkeley da San Diego a ciki, kuma shi maki da kwasa-kwasan da aka kammala yake dubawa.

Abin da jami'a ke fara lura da shi ke nan: cika yunit 60, kammala darussan share fage na fannin da ake nema, da jimillar maki mai kyau. Mai neman injiniya da bai gama lissafi da fiziks ba, alamar Honors ba za ta cike masa wannan giɓi ba. Wanda kuma ya ɗauki kwas ɗin ya fi ƙarfinsa har makinsa ya faɗi, ya yi asara biyu.

Auna tasirin kwasa-kwasan su kaɗai yana da wuya, domin masu shigarsu dama can zaƙaƙurai ne. Sai dai matsalar da suke taimakawa a kai babba ce. Wani bincike na cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia a 2016 ya gano cewa, ko da yake kusan kashi 80 cikin ɗari na sababbin ɗalibai na son digiri, kashi 14 ne kacal ke samu cikin shekara shida. A 2017 ofishin binciken gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa masu sauya makaranta na rasa kashi 43 na yunit ɗin da suka tara. Wannan asarar kuɗi ce da shekaru, kuma talaka ta fi ci. Ɗalibin tsarin haziƙai kuwa sau da yawa yana da mai ba shi shawara na musamman da zai hana shi ɗaukar kwas ɗin da jami'a ba za ta karɓa ba, da malamin da ya san shi sosai har zai rubuta masa takardar shaida mai nauyi. Watakila nan ne mafi girman ribar take.

Abin damuwa shi ne ɗalibai masu aiki da iyali, waɗanda su ne da yawa a waɗannan kwalejoji, ba kullum lokacin ajin ke dacewa da su ba.

Ƙungiyar Phi Theta Kappa ta zaƙaƙuran ɗaliban kwalejojin al'umma, da aka kafa a 1918, daban take da kwasa-kwasan: da maki ake shigarta, galibi 3.5 cikin 4, kuma jami'o'i da dama na ware wa mambobinta tallafin karatu.