Waiwaye: Yadda Yaƙin Duniya na Biyu ya raba manoman Bauchi da gonakinsu

Muhawarar da ake yi a Bauchi kan matasan da ke barin gona suna tafiya ramukan haƙar ma'adinai a yankin Toro da kewaye ta fi karkata ga zargin son kuɗin gaggawa, alhali kuwa al'amarin ya girmi waɗannan matasa da iyayensu.

An san cewa mutanen ƙasar nan suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa, cewa Jos tana cikin Lardin Bauchi har 1926, kuma da yaƙi ya ɓarke a 1939 an ɗebi samari zuwa fagen daga a Habasha, daga baya ƙasar Bama (Myanmar a yau). Labarin 'yan Bama kowa ya ji shi a bakin kakanni.

Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne abin da ya sami waɗanda suka rage a gida daga 1942. A farkon shekarar Japan ta mamaye Malaya, wadda ke kan gaba a duniya wajen samar da kuza a lokacin, sai buƙatar ta dawo kan tsaunukan Jos. Aka kafa dokar aikin tilas, kuma kafin a soke ta a 1944 an kai maza fiye da 100,000 ramukan kuza daga lardunan Arewa, har da Bauchi wadda Gombe ke cikinta a lokacin. Ramin kuza bai san damina ba, don haka magidanci yakan tafi ana tsakiyar noman farko, ya bar gandu a hannun tsoho da mata da yara ƙanana. Ga sanyin tsauni da mutanen ƙasar zafi ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci da cututtuka a barikokin lebura. Da yawa sun gudu, wasu kuma ba su dawo ba.

Hatsi ma ya bi bayan mazan, domin dubban leburorin nan sai an ciyar da su, kuma daga rumbunan lardunan da ke maƙwabtaka aka riƙa sayen dawa da gero a ƙayyadadden farashi. Gidan da aka rage masa hannun noma shi ne kuma aka rage masa abin da ya girbe, wanda a ganina nan ne ainihin raunin yake.

Bayan yaƙi tilas ta kau, amma hanya ta riga ta buɗe. Gandun da ya rasa iri da ajiya ba ya farfaɗowa a damina ɗaya, kuma waɗanda suka koyi wankin kuza sun ci gaba da komawa bariki da rani don neman kuɗin haraji da na aure. Yankin Toro, da yake a bakin Jos yake, ya riƙe wannan sana'a, 'ya'ya suna karɓa daga iyaye a duk shekarar da gona ta gaza ciyar da gida.