Alexandria ta Jihar Virginia: Zama da Sayen Gida

Alexandria birni ne a arewacin jihar Virginia ta Amurka, a gaɓar yamma ta kogin Potomac, kimanin kilomita 11 kudu da tsakiyar Washington. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutum 159,467 ke zaune a cikinsa. Ba shi da alaƙa da Iskandariya ta Masar, sunan ya fito ne daga iyalan Alexander waɗanda suka mallaki filin tun kafin a kafa garin. Duk da cewa dubban mazaunansa na sammako zuwa aiki a Washington, har ana lissafa shi cikin garuruwan gefen babban birnin, Alexandria ta girmi Washington ɗin da shekaru sama da arba'in.

Tarihi

An kafa garin a 1749 a matsayin tashar jiragen ruwa, inda ake lodin ganyen taba, daga baya kuma alkama da fulawa. George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda gonarsa ta Mount Vernon ke 'yan kilomitoci kudu da nan, yana da gida a garin, kuma yakan yi ibada a majami'ar Christ Church da aka kammala a 1773. Da aka shata gundumar babban birnin tarayya an sanya Alexandria a ciki, sai a 1846 Majalisar Dokokin Amurka ta amince a mayar da ita Virginia.

Akwai ɓangaren tarihin da bai kamata a tsallake ba. Daga 1828 zuwa 1836 kamfanin Franklin da Armfield ya yi cinikin bayi daga wani gida mai lamba 1315 a titin Duke, yana tura dubban baƙaƙen fata zuwa gonakin kudu. Ginin yana nan, an mayar da shi gidan tarihi mai suna Freedom House. Da yaƙin basasa ya ɓarke, sojojin tarayya suka mamaye garin a watan Mayun 1861, suka riƙe shi har ƙarshen yaƙin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gine-ginensa suka tsira daga rusau ɗin da ya sami wasu biranen kudu.

Unguwanni

Tsohon gari, wanda ake kira Old Town, shi ne zuciyar birnin. Gidajen jan bulo ne masu hawa biyu ko uku, a jere bango da bango, ƙofofinsu na kallon titi kai tsaye. A titin Queen akwai wani gida da aka gina a 1830 wanda faɗinsa kimanin ƙafa 7 ne kawai, mai shi ya gina shi ne don toshe lungun da kekunan doki da 'yan zaman banza suka dame shi a ciki. Del Ray da Rosemont sun taso ne tare da layin taragon lantarki a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, gidajensu na da farfajiya da baranda. Yammacin birnin kuwa dogayen benaye ne, can ne haya ta fi sauƙi, kuma can 'yan Habasha da sauran baƙi daga Afirka suka fi yawa. Jirgin ƙasa na Metro yana haɗa birnin da Washington, an ƙara tashar Potomac Yard a 2023.

Dokar kare tsofaffin gine-gine

Nan ne sayen gida a Alexandria ya bambanta da na yawancin garuruwa. A 1946 aka ayyana tsohon gari a matsayin yankin tarihi, na uku a duk Amurka bayan na Charleston da New Orleans. A 1984 aka ƙara yankin Parker-Gray, tsohuwar unguwar baƙaƙen fata. Duk wanda ya mallaki gida a waɗannan yankuna, fuskar gidan ba tasa ba ce shi kaɗai. Kafin ya sauya taga ko ƙofa ko rufi, ko ya ƙara ɗaki, ko ya shafa fenti a bulon da ba a taɓa yi wa fenti ba, muddin ana hango wurin daga titi, sai ya nemi izinin hukumar duba tsarin gine-gine ta birnin. Cikin gida kuwa galibi yana hannun mai shi.

Mutane na ƙorafi, kuma ƙorafin na da tushe: gyaran tsohuwar tagar katako ya fi sayen sabuwar ta roba tsada, neman izini kuma na cin lokaci. Sai dai wannan takurawar ce ta hana a rushe jerin gidajen a kafa benayen gilashi, ita ce kuma ta ba unguwar darajar da ta ja mai sayen tun farko. Jihar Virginia na sassauta nauyin da rangwamen haraji na kashi 25 cikin 100 na kuɗin gyaran da ya cika sharuɗɗa.

Yadda ake saye

Yawancin masu saye na bi ta hannun dillali mai lasisi, da bashin banki da ake biya wata-wata, sau da yawa har shekara 30. Musulmin da ke gudun riba kan nemi kamfanonin da ke aiki da tsarin murabaha ko musharaka. Idan aka daidaita kan farashi, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, sannan a binciki takardun mallaka don tabbatar da cewa babu bashi ko rikicin gado a kan gidan.

Dokar Virginia ta ɗora nauyin gano aibin gida a kan mai saye, saboda haka ɗauko ƙwararren mai duba gini kafin sa hannu ba abin wasa ba ne, musamman a gidan da ya haura shekara 200. Ana duba harsashi, da danshin ɗakin ƙasa, da tsofaffin wayoyin lantarki da bututun ruwa. Dokar tarayya ta wajabta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya bayyana abin da ya sani game da fenti mai gubar dalma. Sai ambaliya: ƙarshen titin King da ke bakin kogi yakan cika da ruwa, guguwar Isabel ta 2003 ma ta yi ɓarna sosai a wurin. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan asarar ambaliya, sai an yanki tata daban.

Wani abin da ke ruɗa baƙo shi ne adireshi. Unguwanni da dama na amfani da sunan Alexandria a wasiƙa alhali suna cikin gundumar Fairfax, inda makarantu da harajin gida suka bambanta, domin birnin kansa ba ya ƙarƙashin kowace gunduma.

Tsada

Faɗin birnin bai wuce murabba'in kilomita 40 ba, fili ya ƙare, ga ma'aikatan gwamnatin tarayya na neman matsuguni kusa da aiki. Sanarwar da kamfanin Amazon ya yi a 2018 cewa zai kafa babban ofishi a Arlington da ke maƙwabtaka ta ƙara yawan masu nema. Masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da iyalan da suka gaji zama a Parker-Gray, su tsadar ta fi matsa wa. A watan Nuwamban 2023 majalisar birnin ta soke ƙa'idar da ta taƙaita wasu unguwanni ga gidan iyali ɗaya a kowane fili, ta ba da damar gina matsuguni har huɗu a fili guda, matakin da wasu mazauna suka ƙalubalanta a kotu.